Wanda Ya Fara Zuwa Jaje

Shekarun baya, ina sabon fara koyarwa a Makarfi, na saya wa mahaifina talabijin da satalayit da ɗan sola, na kai masa ƙauyenmu can wajen Janfalan. Niyyata ya riƙa jin labarai da tafsiri. Ashe majalisa na buɗe wa unguwa ban sani ba.

Akwai wani shirin barkwanci da ake maimaitawa ranar Asabar bayan la'asar. Wani tsohon ɗan sanda ne mai tumbi, ya yi ritaya ya koma binciken sata a unguwarsu, da wani babur nasa da ba ya tashi sai an tura. Kowane mako sai wani abu ya ɓace, yau akuya, gobe tukunyar biki, wata rana injin markaɗe. Ya yi ta kame-kame yana cafke waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Daga ƙarshe a gano ɓarawon, ya mayar da kaya, ya durƙusa ya nemi gafara, a zauna a ci tuwo tare. Iyakar shirin ke nan, amma zaurenmu cika yake yi har bakin ƙofa.

Kowa da ra'ayinsa. Ladanin masallacinmu kullum sai ya ce ɓata lokaci ne, kuma ana koya wa mutane ɗaukar sata abin dariya, amma ban taɓa zuwa na tarar ba ya nan ba. Telan unguwarmu shi ko dariya yake har tari ya sarƙe shi. Ni kuma, da ɗan bokon da nake ji da shi, nakan zauna ina gyara musu, wai ba haka ake bincike ba, ina shaida, ina hujja. Muna da wata al'ada: idan aka tafi talla, kowa ya faɗi wanda yake zargi, wanda ya faɗi ba daidai ba shi zai kawo rake mako mai zuwa. Duk hujjojin nan nawa, masu rake a Makarfi sun san ni sarai.

Wanda ba ya sayen rake shi ne aminin mahaifina, wanda muke kira Baffa. Bafillace ne na zaune, gidansa na bayan namu, gonarsa da tamu iyaka ɗaya. Tare suka tashi da mahaifina, shi ya yi mini huɗuba da aka haife ni. Yana da buzunsa a zaurenmu, ba mai zama a kai. Kuma yana da wata doka da yake taƙama da ita.

"Ku daina wahalar da kanku," in ji shi. "Ku duba wanda ya fara zuwa jaje. Wanda ya fi kowa salati, ya fi mai kaya zagaye gida. To shi ne."

Mahaifina ya ce, "Kai dai mugun zato ya yi maka yawa, Bafillace."

A dawo daga talla, sai ga shi maganar Baffa ta fito. Ya miƙa hannu yana dariya: "Kaɗo, ina rakena?"

Baffa yana da shanun huɗa biyu, farare, da su yake ci da gidansa. Mahaifina ba shi da su, don haka kowace damina Baffa ke ba shi aro, ba a taɓa yin maganar lada ba. A farkon wata damina mahaifina ya are su ranar Alhamis, ya yi huɗar masararsa, da yamma ya mayar da su ya ɗaure da hannunsa a turke bayan gidan Baffa. Ranar Asabar, ina gida hutun mako, muna fitowa daga sallar asuba muka ji salati. An yanke igiya, shanu babu.

Mahaifina ya riga kowa isa. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, ɗayan ni na tsinto a hanya. Shi ya tara matasa, shi ya shige gaba ana bin sawu ta fadama, cikin caɓi, da shekarunsa, har bakin kwalta inda sawun ya ɓace. Kowa ya gane mota aka zuba su. Ya dawo wandonsa duk laka, idonsa ja kamar nasa aka sace.

Da yamma, a lokacin da muka saba taruwa kallo, a ƙofar gidan Baffa muka taru. Ana ta "Allah ya mayar da alheri", sai a yi shiru. Shirun ya yi wa tela nauyi. Na tabbata so ya yi ya ɗan sassauta wa mutane zuciya, ba wani abu ba. Ya ce, "To Baffa, yau ga shiri ya biyo mu gida. Wa ya fara zuwa jaje?"

Wani ya nuna mahaifina. Aka fashe da dariya, har da shi mahaifin nawa. Ya haɗa hannuwa ya ce, "To a kawo igiya a ɗaure ni."

Baffa bai yi dariya ba. Ya ɗago kai ya dubi mahaifina, kallon bai daɗe ba. Sannan ya ce a hankali, "Shekaranjiya da ka dawo da su, a wane turken ka ɗaure su?"

Dariyar ta tsaya a fuskar mahaifina. Ya ce, "Inda kake ɗaure su mana."

Baffa ya ce, "To."

Ba a ƙara komai a kai ba. Ba zagi, ba ɗaga murya. Mahaifina ya ɗan zauna don kada a ce ya tashi da fushi, sannan ya yi sallama. A daren bai ci tuwo ba. Mahaifiyata ta tambaye ni abin da ya faru, na rasa yadda zan faɗa mata, don in ka maimaita tambayar da bakinka ba ka jin komai a cikinta.

Asabar ta zagayo, mahaifina ya shimfiɗa buzun Baffa kamar kullum. Bai zo ba. Ta gaba ma haka. A masallaci suna gaisawa, gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa. Sai dai babu Kaɗo, babu Bafillace. Mahaifina ya taɓa ce mini, "Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ya san ni tun ba mu da wando."

Majalisa ma ta canza. Ladan ya ce dama ya faɗa, ga abin da shirin banza ke jawowa. Tela ya ce shiri ba shi da laifi, bakinsa ne, ya je ya ba mahaifina da Baffa haƙuri ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce masa ba komai. Aka ci gaba da kallo, amma idan aka tafi talla sai kowa ya dubi ƙasa. Ba wanda ya sake kawo rake.

Bayan kaka aka kama wasu mutane ta wajen Kudan da shanun sata a mota. Baƙi ne, ba wanda ya san su a garinmu, kuma sun amsa cewa su suka shigo yankinmu da damina. Shanun Baffa dai sun daɗe da tafiya, amma ni murna ta kama ni. Na hau babur daga Makarfi, ban ko shiga gida ba na wuce wurinsa. Na same shi yana sussukar dawa. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labari.

Ya ce, "Na ji. Ai ni tun a daren nan na san ba shi ba ne."

Na ce, "To Baffa, me ya hana ka zuwa?"

Ya ce, "Ɗana, tambayar ta riga ta fita, kuma ya ga idona lokacin da na yi ta. Da wace fuska zan zauna kusa da shi in sha rakensa?"

Na kai wa mahaifina wannan magana ina tsammanin zai tashi ya zagaya bayan gida, tafiyar da ba ta kai ta zuwa masallaci ba. Ya ce, "Shi ya yi tambaya, shi zai zo. Buzunsa na nan, ban naɗe ba." Ɗaya kunya ta riƙe shi, ɗaya ciwo ya riƙe shi. Mu kuma muka ce a bar su, tsofaffi ne, in an kwana biyu za su shirya. Na koma bakin aikina.

Kafin wata daminar ta kankama mahaifina ya kwanta, ciwon bai ja ba. Ya cika da hantsi, ina riƙe da hannunsa. Ban gama rufe masa ido ba, ban aika kowa ya sanar ba, na ji sallama a zaure. Na fito na ga Baffa tsaye, ko hula babu. Kukan mahaifiyata ya jiyo ta katanga. Ya dubi buzun nan, ya zauna a kai, ya dubi talabijin da aka lulluɓe da zani.

Ya ce, "Ka ga wanda ya fara zuwa?"

Na zauna kusa da shi.

Ya ce, "Yau kam dokar ba ta yi ƙarya ba. Ni na cuce shi." Sai ya rufe fuska da hannun riga. Ban taɓa ganin Baffa yana kuka ba, ko ranar da aka kwashe masa shanu. Shi ya yi wa mahaifina wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Har yanzu nakan ga ana muhawara a kan shirin nan a waya. Wasu su ce shirme ne, wasu su ce shi ke ɗebe musu kewa. Ba na sa baki. Ban ga laifin masu shirin ba, sun sa mahaifina dariya fiye da yadda ni na taɓa sa shi. Abin da na gane kawai shi ne, a shirin duk wanda aka zarga bisa kuskure, kafin a tashi an ba shi haƙuri an ci tuwo. Mu muka ɗauka namu ma haka zai ƙare da kansa, muka zauna muna jira.

Baffa yana nan da rai, ya tsufa sosai. In na je gida nakan kai masa rake, ya karɓa ya sa albarka, ya jingine shi a bango. Ban taɓa ganin ya sha ba.