Wasan da Yaya Ya Bari a Kunne

Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan nan, Allah Ya karɓi ran yayana, mai gyaran talabijin, bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muka zo, Yaya kuma ya riga mu komawa gare Shi.

Yaya, masu zuwa gaisuwa suna ta yabon hannunka, da yadda kake gyara wa tsofaffi rediyo ka ce su tafi kawai. Ni kuwa da na rufe ido a ɗakin bayan shagonka nake ganinka, cikin warin dalma, kana fama da tsohon gem ɗin nan, wasan talabijin na wani kuku mai tumbi da ke tsallake rufin gidaje, yana bin agwagwar da ta sace masa hula.

Kaset uku ka tara na wasan, kowanne an yi shi ne don kasuwar wata ƙasa. A na farko, in kukun ya faɗo wandonsa ne ke zamewa. A na biyu an ga hakan rashin kunya ne, sai aka bar shi da atishawa. Ranar da na faɗi jarrabawa na ƙi cin abinci, na farkon ka sa, ka yi ta jefa bawan Allah a rami da gangan har dariya ta ƙwace mini. Ko sau ɗaya ba ka ambaci jarrabawar ba.

Na ukun, mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa a gidanmu, shi kaɗai ke da ƙarin mataki a ƙarshe. Tun kana saurayi yake kayar da kai har furfura ta fito maka. Ga shi ba ya ajiye inda aka tsaya, in an kashe sai a koma farko. Ranar da ciwon ya kwantar da kai ka isa bakin ƙarshen a karon farko, saura dama ɗaya tak. Ka dakatar da shi, ka jona komai da batirin mota saboda ɗaukewar wuta, ka ce, "Mama, kar a kashe mini, yanzu zan dawo."

Mama da ta yi shekara da shekaru tana cewa ƙarar abin nan za ta kurmantar da ita, yau ita ke zaune a kujerarka tana gadi. Kukun yana nan a tsaye cak cikin iska, hannunsa dab da hular. Na'urar ta yi zafi, hoton ya fara rawa, batirin yana ja da baya. Ban san wayar da zan taɓa ba, kai ne ka sani.

Jiya Mama ta miƙo mini abin dannawa. "Auta, ƙarasa masa mana, ai ke kike zama kusa da shi." Na karɓa. Ni da ko matakin farko ban taɓa wucewa ba! In na danna kukun zai faɗi, in na bari batirin zai mutu da kansa. Wallahi ban san abin yi ba, Yaya. Na ajiye, muka zauna muna kallo.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya saka maka da Aljanna kan kowace dariya da ka ba mu. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'ya'yanka da abokan sana'arka. Mama kuma, Allah Ya ba ta juriyar ranar da talabijin ɗin zai yi duhu. Har na ajiye alƙalamin nan dai, yana kunne.