Kofur da Harsashin Teburin Farfesa

Kofur ake ce masa, ko da yake ya tuɓe kaki shekara goma sha tara ke nan. Daga bariki ya faɗo Cibiyar Nazarin Makamai da Tsaron Duniya, a hawa na biyu na wata jami'a, aka ɗauke shi masinja. Aikinsa kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, da goge tebura. A cibiyar akwai masu digiri uku-uku da suka haddace nisan zangon kowane makami mai linzami, amma babu wanda ya taɓa shaƙar warin albarushi. Shi kuwa da ya shaƙa har ya ƙoshi, abin da ake tambayarsa kawai shi ne ina makullin banɗaki.

Bai damu ba, yana son wurin tsakani da Allah. Yakan ce wa matarsa, "Yaƙin takarda ya fi, ba a binne kowa."

Wata Litinin Farfesa, shugaban cibiyar, ya dawo daga bincike a wani yanki da aka gama yaƙi, da tsaraba a bayan mota: harsashin ƙaramar igwa mai tsatsa, bai fi kwalbar lemo ba, wani manomi ya tono a gona ya ba shi. Farfesa ya danne takardun teburinsa da shi don kada fanka ta kwashe. In magana ta yi daɗi har ƙwanƙwasa shi yake da biro.

Kofur ya shigo da tsumman goge-goge, ya dubi hancin abin, ya ja da baya. Abin da ke tayar da shi yana nan daram.

"Ranka ya daɗe, wannan fa yana da rai."

Farfesa ya yi murmushi. "Kofur, littafi biyu na rubuta a kan ragowar makamai. Kai a ina ka karanta?"

"Ban karanta ba, ranka ya daɗe. Irinsa ne ya cinye mana mutum uku, su ma tsintarsa suka yi."

"Allah ya jiƙansu. Amma wannan labari ne, ba hujja ba. Ka rubuto."

To, ya rubuto. Sakatariya ce ta buga masa, baiwar Allah mai tsohon ciki, wadda katako kawai ya raba kujerarta da teburin Farfesa. Takarda ta shiga fayil, Kofur da kansa ya kai wa kwamitin kula da kayan cibiya. Aka ce za su zauna nan da mako uku.

Mako uku! Kwana biyu ya yi yana juya maganar a ransa. Saura wata takwas ya yi ritaya lafiya, kuma ya san wanda ya taka shugaba a wurin nan, ƙofa ce makomarsa. Amma duk ƙwas ɗin biro sai ya dubi katakon nan.

Ranar Alhamis, Farfesa na shiga aji, Kofur ya ce wa sakatariya, "'Yata, sauka ƙasa ki sha iska." Ya kori kowa daga hawan, ya kulle ofis, ya jefa makulli a aljihu, ya buga wa wani tsohon abokinsa na sashen kwance bama-bamai waya. Sannan ya ja kujera ya tare matakala.

Farfesa ya dawo yana huci. "Ba ni makullina!"

"Ranka ya daɗe, yau kam a'a."

Sojoji suka zo, suka ɗauki abin cikin akwatin yashi kamar ƙwai, suka tayar da shi a fili can bayan jami'a. Ƙarar ta zubar da gilasan ajujuwa uku. Farfesa ya nemi bakin baranda ya zauna.

Kwamiti kuwa, abin mamaki, ya sami lokaci cikin kwana biyu. Ya gano cewa Kofur ya yi gaskiya, sai dai ba shi da hurumin yin ta: ya kulle ofishin shugaba, ya gayyato baƙi ba izini. Don tausayi ba a kore shi ba, aka mai da shi wurin ajiye motoci. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, bai ma iya gaya wa matarsa ba sai bayan sati.

Bayan wata biyu cibiya ta shirya babban taro a kan haɗarin ragowar makamai, baƙi har daga ƙasashen waje. Lasifika na kaiwa har wurin motoci, inda Kofur ke tsaye cikin rana. Ya ji wata ɗaliba ta tambaya me ya sa masana ba sa tuntuɓar waɗanda suka ga yaƙi da idonsu.

"Tambaya mai kyau," in ji Farfesa. "Muna so ƙwarai. Matsalar ita ce samun irin waɗannan mutane yana da wuya."

Aka tafa. Kofur ya ɗaga kai ya dubi tagar zauren, kamar zai yi magana. Sai wani direba ya danna masa hon, ya juya ya nuna masa inda zai tsaya.