Yatsan da Ke Kan Takardar Nan Ba Na Babana Ba Ne

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Iro na Ƙofar Kwaya, kuma shekara shida ke nan mutanen garin nan suna maimaita ƙarya ɗaya a kansa: wai shi ya janye ƙarar taki, bayan an sauke masa buhuna a zaure. Ni 'yarsa ce, ni nake share zauren nan. Ban ga buhu ba.

Ga wanda bai san zancen ba. Da soja suka koma bariki, manoma sun ɗauka wahalar takin zamani ta ƙare. Sai aka fito da tsarin cewa ba za a ƙara ba ƙungiyoyin manoma taki kai tsaye ba, sai ta jerin sunayen da manyan mazaɓa suka rubuta. Tela ya samu, mai gyaran rediyo ya samu, Baba mai gonar gero da dawa a bayan gari bai ga ko tiya ba. Ka shiga kasuwa ka tarar da takin a gaban wanda bai san riƙon fartanya ba. Baba ya tara 'yan ƙungiyarsu suka kai ƙara kotu, a dakatar da irin wannan rabon. "An ce mulkin doka ya zo," in ji shi, "to mu tahi mu gan shi da idonmu."

Ina aji huɗu a sakandare lokacin, ni nake karanta masa takardun kotu ina mayar masa da Hausa. Magana ɗaya na gaji da faɗi: an ɗage. An ɗage har gero ya fid da kai, an ɗage har aka yi girbi. A damina ta biyu ya kwanta, bai tashi ba. Ana zaman makoki Alhaji Mamman, amininsa kuma sakataren ƙungiyar, ya shaida wa jama'a cewa marigayi ya janye ƙara kafin ya cika. Daga nan tsofaffin da suka bi shi kotu suka daina gaishe da Innarmu da sakin fuska.

Watan jiya na je kotun neman kwafin takardar janyewar. Sai da na yi sawu huɗu. Da aka miƙo mini, ga sunan Baba an buga da tafireta, a ƙarƙashinsa kuma dangwalen yatsa.

Baba ba ya dangwale. Ya sauke, ya yi littattafai, sunansa da ajami yake rubutawa. A gabana wani ma'aikaci ya taɓa turo masa tawada, ya ture ta ya ce, "Samari, ba ni alƙalami. Rashin boko ba jahilci ba ne." Ranar zaɓe kaɗai ya yarda aka shafa masa, ya yini yana goga yatsa a bango yana tsaki. Wanda ya shirya takardar nan ya ga tsoho da rawani ne, ya ɗauka dangwale ne iyakarsa.

Na sami Alhaji Mamman a sabon gidansa na GRA. Bayan doguwar gaisuwa na ajiye masa ita.

"Ɗiyata, mi kike tonowa? Hannunshi ne ke rawa lokacin."

"Baba Alhaji, a makon da aka yi takardar nan ya cika allo da rubutun sha wa maƙwabciyarmu. Ni na wanke."

Ya kira a kawo mini lemo. Ban sha ba. Ban ce shi ya yi ba, don ban gani ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Da Baba zai leƙo yau, me zai gani? Jerin sunayen yana nan, sai dai yanzu ana kafa rumfa, a ɗauki hoto da buhu ɗaya. Na san ba zai yi mamaki ba. Zai gyara hula ne ya tambayi ranar da za a koma kotu. Bai bar mana gida a GRA ba, gonar ma ta gaji. Abin da ya bari shi ne sunan da yake rubutawa da hannunsa, shi ɗin ma an so a shafe da yatsan wani.

Innarmu ta ce in bar wa Allah. Na bar masa hisabi, takarda kuwa tana hannuna. Ranar Litinin zan kai wa lauya takardu biyu, takardar shigar da ƙara mai ajamin Baba da takardar janyewa mai dangwale, a nemi kotu ta tashi maganar. Tsofaffi uku na ƙungiyar sun ce za su raka ni. Na saya musu alƙalami. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ni ce ban huta ba.