Shanyar Inna a Saman Bene

A 2013 ina karatu a Alƙahira, ina haya a Hayyin Ashir. Maƙwabciyata Bahaushiyar Sudan ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu. Ta daɗe tana aikatau na kwana a gidajen Misirawa, sai ƙarshen mako take ganin 'ya'yanta. Ta ce min ta gaji, khalas, shi ke nan, ba za ta sake barin su ba.

Sai ta koyi noman naman kaza. Da na ji dariya na yi, don a garinmu a juji yake fitowa da damina, ba mai kallonsa. Ashe a Masar abinci ne mai daraja, gidaje da yawa da shi suke rufa wa kansu asiri. Ta toshe tagar ɗaki guda, ta dafa karan shinkafa, ta cusa a ledoji tare da iri, kullum tana yayyafa ruwa. Wani mai gidan abinci ya ce in girbin farko ya yi kyau, zai riƙa saye duk mako.

Ana cikin haka mahaifiyarta ta iso daga Gadarif, tsohuwa mai zafin nama da ba ta san zama ba. Ranar da 'yar ta tafi sabunta takardar zama, Inna ta buɗe ɗakin. Duhu, ga danshi, ledoji sun yi fari fat. A wurinmu wannan fumfuna ce, maganinta kuwa rana. Haka ta yi ta jido har saman bene, ta farke ledojin ta baza.

Da la'asar muka hau tare da maƙwabciyata. Karan ya bushe ƙayau, kuma farin nan shi ne shukar. Inna na zaune tana haki, murna fal fuskarta.

Ta ce, "Kin ga na ceto miki kayanki. Saura ƙiris su ruɓe."

Maƙwabciyata ta durƙusa ta ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri."

Ba a yi mako ba na gan ta a matakala da ƙullin kaya, tana ɓamɓare yatsun ƙaramar 'yarta daga zaninta. Inna ta juyo gare ni.

"'Yar nan, ina kuma za ta da kaya?"

Na sunkuya na ɗauki yarinyar.