Kaset ɗin Kawu Lawali da ban miƙa ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kawuna Lawali, wanda mutanen Maijirgi da Tasawa suka fi sani da Koci. Bana ranar ta faɗo daidai lokacin da ake neman sabon mai horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, kuma tsohuwar gardama ta dawo: a ɗauko baƙo, ko a ba ɗan gida? Sau biyu a makon jiya aka gayyace ni shirin rediyo in ba da ra'ayi, sau biyu na ce ina da uzuri. Uzurin ne zan bayyana a nan.

Kawu Lawali wan mahaifiyata ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Maijirgi. Ya yi fiye da shekara ashirin yana horar da samari balo, wato ƙwallon ƙafa, ba tare da wani ya naɗa shi ba. Takardar horarwa ɗaya gare shi, ta wani ɗan gajeren kwas da ya yi a Maraɗi. Ranar kasuwa yake neman 'yan wasa. Ya kan je har Mayahi ya tsaya wajen 'yan dabbobi, yana duba wane makiyayi ne ya tari bijimin da ya ƙwace, wane ne ya sauke buhu daga amalanke bai yi tangal-tangal ba. Waɗanda ya zaɓa sai ya kai su rairayin gulbi. Ya kan ce wanda ya iya gudu cikin yashi, ciyawa hutu ce a gare shi.

Shekara uku kafin rasuwarsa kujerar mai horar da ƙungiyar ƙasa ta zama babu kowa, aka ba da sanarwa cewa duk mai sha'awa ya kawo dosiyensa, wato takardun neman aikin. Ina aiki a wani gidan rediyo a Yamai, kuma ni na karanta sanarwar. Kawu ya ji ta da muryar ɗan ƙanwarsa, ya ɗauke ta da gaske.

Da na zo hutun Sallah, ya kira ni zaure bayan azahar ya miƙo mini ambulan. Komai ya cika: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, hotuna, kowace takarda da tambur ɗinta na hukuma a manne. Sau uku ya je Tasawa a amalanke kafin ya haɗa su. A ƙarƙashinsu akwai kaset.

Matasan yau sai an yi musu bayani. A wajenmu, in magana ta yi nauyi ba a ba takarda ita, a kaset ake ɗauka. Haka mata ke aika wa mazajensu da suka tafi cin rani, haka uba ke yi wa ɗansa faɗa daga nesa. Mai rubuta wasiƙa na iya ragewa ko ƙarawa, amma murya ta mai ita ce.

"Faransancina na alli ne, Harisu, na yara," in ji shi. "Manya kuwa sai da baki. Ka kai musu hannu da hannu."

Na fara cewa, "Kawu, irin wannan aiki fa..."

"Na sani ba su ɗaukata, ni ba yaro ba ne. Su dai ji. Kai ɗan rediyo ne, wace ƙofa ke gagarar ka?"

A Yamai na sa kaset ɗin a biro, wato ofishinmu, gaban abokan aikina biyu. Minti bakwai na farko gaisuwa ce. Ya gai da shugaban hukumar ƙwallo, ya tambayi iyalinsa, ya tambayi gajiya, ya tambayi yadda damina ta yi musu. Zakara ya yi cara. Sai aka ji ƙarar turmi, Kawu ya ɗaga murya ya ce wa matarsa, "Hajo, a dakata da dakan nan, da manya nike magana!" Abokaina suka yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi, kuma tawa ta fi ƙarfi, don kada a ce ni da mai maganar jini ɗaya ne. Na kashe kaset ɗin kafin ya shiga abin da ya tara. Na tura ambulan cikin durowa.

Ofishin da ake karɓar dosiye bai fi minti goma a babur daga wurin aikina ba. Kwana goma sha biyu suka rage a lokacin. Ina kallo suka ƙare.

Ya kira ni a waya sau ɗaya. "Ka miƙa?" Na ce na miƙa. "Hannu da hannu?" Na ce hannu da hannu, Kawu. Ya sa mini albarka. Bai sake tambaya ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Sai bayan sadakar arba'in na saurari sauran. Babu roƙo a ciki, babu yabon kai. Ya ce ana shirya wasannin zaɓen 'yan wasa cikin damina, lokacin da duk saurayin kirki na ƙauye yana gona, don haka masu zaɓe ba su taɓa ganin rabin ƙasar ba. Ya ce duk wanda aka ba aikin, baƙo ne ko ɗan gida, a sa shi ya yi rani guda yana bin kasuwanni. Ya ce saurayin da ya wuni a mota da yunwa kada a yanke masa hukunci ranar da ya sauka. Aikin kansa sau ɗaya ya ambace shi, a ƙarshe: "In babu kowa, ga ni." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban sani ba ko da sun saurara har ƙarshe. Abin da na sani shi ne ba su suka ƙi ji ba.

Da yana raye yau, ba na jin zai shiga gardamar baƙo da ɗan gida. Zai tambaya ne ko mutumin ya san watan da ake yankan gero. Ni kuwa na shekara da shekaru ina faɗa a rediyo cewa a ba namu dama, ana yaba mini kishin ƙasa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Watan jiya na je Maijirgi na faɗa wa Inna Hajo, don bai kamata ta ji daga bakin mai karanta jarida ba. Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Ta saurara har na gama, hannunta bai tsaya ba.

"Wata shekara aka ce masu duba 'yan wasa sun zo Maraɗi cikin rani," ta ce. "Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya zagaya gari. Ya ce mini, Hajo, sun ji kaset ɗin." Ta zubar da ɓawon da ke cinyarta. "Shi ka bar shi da daɗinsa. Ni ka kawo wa ɗacin."

Na ce ta yafe mini.

"Ba ni ka yi wa ba, ɗan nan. Ka ci abinci?"

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Abin da ya rage na Kawu Lawali ba ya buƙatar shaidata. Uku daga cikin samarinsa, yanzu da furfura a gemu, suna horar da wasu a yashin nan, kuma har yau ranar kasuwa suke fita nema. Allah ya haskaka makwancinsa, ya karɓi albarkar da ya sa mini a matsayin alherinsa shi kaɗai, don ni ban cancance ta ba. Shekara talatin na yi ina isar da muryoyin mutanen da ban sani ba zuwa kunnen ƙasa baki ɗaya. Murya ɗaya tak aka taɓa danƙa mini a hannu.