A Maido wa Baba Mai Kunne Rumfarsa

Kullum in ya idar da sallar asuba, Baba Mai Kunne zai shimfiɗa buhu, ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba, ya zauna jiran mota. Shekara arba'in yana haka a rumfa ɗaya cikin gareji. Yau a bakin kwata yake yi, bayan katanga, rana tana dukansa. Shi ya sa na ce 'yata ta riƙe min biro. Ban yi boko ba, amma bakina bai mutu ba.

Motar marigayi maigidana ce sila. Tsohuwa ce, ta girmi 'yar tawa da ke tuƙa ta. Tana da giyar ƙari, wadda ake danna wa maɓalli a kan sandar giya idan an hau babban titi, sai injin ya sassauta murya. Baba yana jinyar ciwon baya lokacin, muka kai wa ɗan shugaban gareji juyen man giyabos. Tun ranar giyar nan ta ƙi shiga, in ta shiga ta zame. Muka koma, ko leƙawa bai yi ba ya ce, "Mama, giyabos ya mutu. Ki ba 'yan gwangwan kawai."

Abin da mijina ya bar min! Gwangwan!

Da Baba ya miƙe, bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya zauna gefen 'yata, ya ce ta ja, ya rufe ido. "Danna. Saki. Sake dannawa." Muka dawo ya shiga ƙarƙashi, ya lakato man da yatsa, ya murza, ya shinshina.

"Wa ya ɗura mata wannan kwalta? Man tirela ne. Giyar ƙari da ƙarfin mai take shiga, ta hanyoyi kamar hancin allura. Mai kauri ta ina zai bi?"

Ya tsiyaye shi, ya wanke ragar tace mai da kananzir, ya zuba mai sauƙi. Kafin la'asar giya ta shige sumul. Mai faci yana wurin, mai walda yana wurin, ku tambaye su.

Laifin Baba ke nan, ya faɗi gaskiya kowa ya ji. Ba a yi mako ba aka ce ya kwashe kayansa, za a mai da rumfar wurin wankin mota, wai zamanin tsofaffin motoci ya wuce. Na sami shugaban na ce, "Ɗanka ya yi ɓarna, tsoho ne zai sha rana?" Ya ce, "Mama, kwamiti ne ya yanke." Na ce, "Kwamitin kai da ɗanka?" Sai ya sami abin dubawa a waya.

Baba, kai ne mai jin ciwon ƙarfe da kunne. Kai ne ba ka taɓa cewa abu ya mutu don kana ƙyuyar durƙusawa ba. Rabin masu saka rigar aiki a garejin nan kai ka koya musu riƙe sifana, ga shi sun yi gum. Na gode, Allah ya ƙara lafiya, ya raba ka da ciwon bayan nan.

Ku kuma masu tasowa, ku koyi sauraro kafin ku yanke wa mota hukunci. Shugaba, motar da ɗanka ya kashe da baki tana tafiya. Kullum da safe za ka same ta a ƙofar gareji, ina ciki, har ranar da Baba zai shimfiɗa buhunsa a inuwa.