Sandar da Na Yanko daga Jikin Ajwa

Ranar wata Juma'a ce, mako biyu bayan Babbar Sallah, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, na tsallake katangar lambun da mahaifina ke aiki a unguwar Al-Awali ta Madina da laujensa a ɓoye cikin rigata. Na yi ƙaryar ciwon ciki, manya suka tafi masallaci suka bar ni. Rana ta take, ba ka jin komai sai kukan kurciya. Na wuce manyan dabinai, na nufi ƙaramar ajwa, dabinon nan mai daraja, da ke bakin rijiya, wadda da kaɗan ta fi ni tsawo. Mai lambun da hannunsa ya dasa ta a shekarar da mahaifiyarsa ta rasu, kuma duk zuwansa sai ya tsaya a kanta ya yi addu'a. Na san wannan sarai. Ba ni da uzurin rashin sani.

Abin da ya kai ni kurket ne, wasan nan da ake bugun ƙwallo da sanda mai faɗi. A bayan lambun akwai wani fili mai baƙaƙen duwatsu, inda wani ma'aikaci ɗan Pakistan, wanda muke kira Ammi Gulam, wato Kawu Gulam, ya fara tara 'yan uwansa shida bayan la'asar ɗin kowace Juma'a. Shi ne mai hawa dabino ya yi musu barbara, mutum siriri mai furfura, wanda ya fi shekara ashirin a Madina. Mu 'ya'yan Hausawa kallo muka fara zuwa, sai ya ce da Larabci, "Yalla, ya walad, kallo ba ya share fili." Wata guda muka yi muna tsince duwatsu, muna ɗibo ruwa a gwangwanin man girki muna yayyafawa, muna mirgina tsohuwar ganga cike da yashi har ƙasa ta daddale. Turaku uku na busasshen reshe muke kafawa. Sandar bugun ƙwallo kuwa daga gindin reshen dabino yake sassaƙa ta, wurin nan mai faɗi. Haka kulob ɗin unguwarmu ya fara, ba riga, ba suna. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "bari" ba, amma har yau ina jin muryarsa yana haɗawa da Larabci yana cewa, "Bari gaggawa, ƙwallo za ta zo da kanta."

Busassun rassan da suka faɗo kawai yake yarda a ɗauka, su kuma ba sa wata biyu sai su tsage. Ni na ƙudura sai na samu ɗanye, mai nauyi, wanda zai kai ƙwallo bayan katanga. Manyan dabinai sun fi ƙarfin hawana, shi ya sa na zo wa ƙaramar. Don in samu faɗin da nake so, na cusa laujen can ciki, na yanka, na ƙara yankawa. Da reshen ya ɓalle sai ga wani farin abu mai taushi ya bayyana. Na ɗanɗana, na ji zaƙi, na ci gaba da ƙwaƙula ina ci. Sai da na ƙoshi na tuna maganar Baba: "Dabino kamar ɗan Adam yake, zuciya ɗaya gare shi." Na kwaɓa laka na toshe ramin, na wanke laujen. Da yamma na kai wa Ammi Gulam reshen, na ce motar wani lambu ce ta yar a hanya. Ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya ciro wuƙarsa.

Ajwar ba ta mutu nan take ba, da ma ta yi. Kowace safiya aikina ne in buɗe wa ƙananan dabinai ruwa kafin in tafi makaranta, don haka kullum sai na tsaya a gabanta. Mako na farko ba ta nuna komai ba. A na biyu sabon tohon da ke tsakiya ya daina miƙewa. A na uku ya koma ruwan ƙasa, tururuwa suka yi layi zuwa lakar, wani wari mai tsami ya fara tashi. Nakan ƙara mata ruwa fiye da rabonta, ina karanta duk surar da na haddace. A gida kuwa ba a ɗaga murya. Iyayena daga Sudan suka zo aikin Hajji suka zauna, iƙamar Baba, wato takardar izinin zamansa, ta daɗe da ƙarewa, kuma inuwar mai lambun ce kaɗai ke rufe mu. Inna takan ce, "Mu a garin nan a kan ƙwai muke tafiya." Duk ranar da aka kori Baba daga aiki, ranar za a fara haɗa mana kaya.

Juma'a ta biyar, ni ke riƙe da sandar, sai muka ga farar motar mai lambun ta taho a hankali ta tsaya a tsakiyar filin. Ya fito da ruɓaɓɓen tohon ajwar a hannu, Baba na biye da shi. Bai yi tsawa ba. Ya karɓi sandar daga hannuna, ya shinshina ta, ya tambaya wa ya yanko. Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai. Ammi Gulam ya dube ni sau ɗaya tak, ya ce wa mai lambun, "Ni ne, ya Ammi. Yaron bugu kawai ya iya." Wasu ma har suka yi dariya. Mai lambun shi ne kafilinsa, wanda izinin zamansa ke hannunsa, kuma kafin wata ya ƙare an buga masa takardar fita. Wannan mutum da ke burin a binne shi a maƙabartar Madina, kullum yana cewa, "Ni ba na komawa, Baƙi'a nake jira," aka sa shi a mota zuwa Jidda. Ban je sallama ba. Baba bai taɓa dukana a kan maganar ba. Abin da kawai ya ce, yana wasa laujensa, shi ne, "Na san ranar da aka wanke shi ba ni na wanke ba." Shi ma ya yi shiru, saboda mu.

Yanzu filin ya zama gidaje. Kulob ɗin ya koma wajen Al-Khalidiyya, da riguna iri ɗaya da sandunan kanti, jikokina suna bugawa suna ihu da Larabci. Shekaru da dama ana nuna ni a ce ga wanda ya kafa shi, ni kuma ina murmushi, wannan shi ne laifina na biyu. Bana da matasa suka zo rubuta tarihin, na ce su fara da sunan Gulam, su kuma rubuta abin da ya fitar da shi daga Madina. Ban san ƙasar da ta rufe shi ba. Duk sanda na raka gawa Baƙi'a, nakan dubi kabarin da aka tona in ce a raina, nan wurin wani ne.